Hancin Jakin Hairi

"Wanga jaki ba shi kai Ƙonni."

"Mi ka gani?"

"Saurara mai. Awa zugazugin maƙeri."

"To a tsaga mai hanci mana. Na wa na?"

"Na Hairi na."

"To kai ka hwaɗa mata. Ni ina da iyali."

Hairi tana bayan zana tana jera bandar kifi a mangala, duk ta ji abin da mazan ayari ke faɗa a kan jakinta. Ummul Khairi ne sunanta na yanka, amma a Kalmalo ba mai kiranta haka. Tun da mijinta ya rasu, wannan jaki guda ke ci da ita da 'ya'yanta uku. Shi ke kai mata kifi Illela, in ayari ya tashi ta bi shi har Ƙonni. Wannan kuwa tun Nasara bai zo ba, lokacin da mace ba ta isa ta bi hanyar nan ita kaɗai ba. Dokar madugu Attahiru kuma sananniya ce: jakin da ke huci ba ya shiga ayarinsa sai an tsaga masa hanci, wai iska ta samu ƙofa.

Ba wanda ya kai Hairi sanin wannan aiki, don sana'ar ubanta ce. Ita ke riƙe masa kan dabba yana yanka, har ta yi aure. Ta leƙa hancin jaki ya fi a ƙirga. Abin da ta lura da shi, jakin da ya wuni a turke kusa da hayaƙi, naman cikin hancinsa ja wur yake, ya cika da jini ya kumbura har hanya ta matse. Wanda aka koro da gudu, ko ya razana, nan take cikin ya kan yi fari, ya saki. Ta taɓa gaya wa ubanta cewa jikin ne da kansa ke turo jinin yana janyewa, kamar akwai wata jijiya mai ba da umarni. Ya ce ta riƙe kunnen jaki ta yi shiru. Jakinta na farko kuwa tsagar ce ta kashe shi. Ƙuda ya bi mikin, tsutsa ta shiga, kwana tara yana murza kai a ƙasa.

Ta fito ta tarar da madugu da Lukmanu wanzami tsaye a kan jakin.

"Madugu, ina kwana. Wa ac ce a taɓa min dabba?"

"Ɗiyar Jibo, doka ta ce. Ubanki ma haka shi ka yi."

"Ubana ya yi, ni na riƙa mai. Kai kana ina? Dubi inda kunka ba ni turke. Bayan banda, kwana ukku hayaƙi na bugun shi. Ko kai anka ɗaure nan sai ka yi huci."

Lukmanu ya yi dariya. "Yau mata ka koya muna aska."

"Ba aska ni ka koya ma ba, Sarkin Aska, ido ni ka koya ma. Ku ba ni in kora shi bakin tafki mu dawo. In bai buɗe ba, ni ka riƙe ma kai da hannuna."

Madugu ya ce ta yi sauri, rana na yi. Ta shiga gida ɗauko ragama, don wadda ke wuyansa ta tsinke. Jimawarta ba ta fi ta shan ruwa ba. Tana cikin zaure ta ji kukan jakin.

Ta iske mutum biyu sun danne shi, hancin dama a tsage har tsawon ɗan yatsa, jini na bin leɓe. Lukmanu na goge aska a cinya zai koma hagu.

"Mun ɗebe miki wahala," in ji shi. "Da kin tsaya kallo sai tausai shi kama ki."

Hairi ba ta yi ihu ba. Ta ratsa tsakaninsu ta dafe hancin hagu da tafin hannunta, yadda askar ba ta da wurin bi sai ta yatsunta. Ta kira masu banda da matan da ke sayen kifi su matso, ta ɗaga leɓen hancin da ba a taɓa ba.

"Ku duba. Ɗazu ja shi ke. Yanzu hwa?"

Cikin ya yi fari fat, a buɗe, iska na shiga tana fita ba ƙara. Tsoro ya riga ya buɗe shi.

"Aikin aska na," in ji Lukmanu.

"Askarka ta taɓa wanga gehe? Kai da kunya ba ku gamu ba."

Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya, ta kama bakinta. Madugu ya duƙa ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya miƙe bai ce ta yi gaskiya ba. Cewa ya yi a ɗaura kaya, kowa ya kama dabbarsa, har da ita.

Hairi ba ta janye hannunta ba. Ƙuda ya riga ya fara sauka a kan yankan.

"Madugu, ba ni ɗaga hannuna sai ka hwaɗa da bakinka, gaban mutanen ga. Ka ce mai, shi mai da askatai zabira, shi bar min ɗayan."