Babarbaren da ya yi wa Kaza kwalliya

Hoton taurari ba irin hoton suna ba ne da za a ce kowa ya yi murmushi a danna. Sai ka ɗauki wuri guda sau da yawa, manhaja ta ɗora hotunan a kan juna, abin da zai fito kuma baƙi ƙirin, kamar gindin tukunya. Hasken yana ciki, a ɓoye. Daga nan ake jawo shi a hankali: a cire jan fitilun gari, a gyara launi, a rage ƙura. Kowane mataki ina ajiye shi daban, domin in na zarce in sami wurin komawa.

Haka na yi da Kaza da 'ya'yanta, taurarin da na yi sanyin shekara guda ina bi a fadamar Kirikasamma. A matakin ƙarshe na cika shuɗi, na ce gobe zan koma baya in gyara.

Kafin goben, maƙwabcina ya ari kwamfutata. Mai shagon hoto ne a nan Haɗejiya, Babarbare, ni kuwa Bafillatani, wato abokin wasana ne tun kafin a haife mu. Da la'asar ya dawo da ita yana fara'a.

"Bawana, na yi maka aikin lada. Na ga hotuna baƙaƙe sun cika maka wuri, duk sun ƙone, na share su."

"Har kwandon sharar kwamfutar?"

"Har kwandon. Shi kuma mai kyan, na goge masa ƙuraje."

Na buɗe. Ya bi taurarin nan kamar fuskar amarya. Ƙananan ya ɗauke su tabo ne, ya shafe. Kaza ta fito sumul, ba ɗa ko ɗaya, sai ka ce shaho ya kwana a gidan. Katin kyamara kuwa tuni na sake amfani da shi.

Wasan Fulani da Barebari yana da doka: ba a fushi. Ko ka kai ƙara, dattawa dariya za su yi. Sai na yi dariyar nima, na haɗiye. Malaman tarihi sun ce daular kakanninsa ta daɗe saboda haƙuri. Na aro kaɗan.

Da kaka ta yi, ya fito takarar shugabancin masu hoto na unguwa, ya zo in ɗauke shi, wai kyamarata ta fi. Na ɗauka. Mataki na biyu ya yi kyau ƙwarai, har ya yi kama da mai amana. Na ajiye. Sannan na saka fuskar a manhajar taurari na ja haske, irin jan da ake yi wa abin da ke ɓoye. Kowane rami ya bayyana, da furfurar da yake rinawa, da ɓawon goro a haƙori. Wannan na tura masa.

Sai ga shi ya zo, ko sallama bai gama ba.

"Kai ɗan Fulani, wannan ai kakana ne."

"Ranka ya daɗe, kamanni ne."

"Ina mai kyan?"

"Yana nan lafiya. Kaza ta kusa fitowa, ni kuma ba ni da mai ɗaukar kaya."

Duk sanyin nan shi ya goya ni a babur zuwa fadama, ƙafafun kyamara a kafaɗarsa. Na zaɓi gefen gonar shinkafa, inda sauro ya fi ƙiba, na ce ko tafi ɗaya ya yi hoton zai girgiza. Wannan ba ƙarya ba ce gaba ɗaya.

Kaza ta dawo, 'ya'yanta cif, ta ma fi ta bara. Hotonsa na ba shi ranar da na gama nawa, mako guda bayan zaɓe.