Yadda Anti Almakashi Ta Fanshi Wata Biyu

Kafin ta taɓa yadi da safe, sai ta ɗaga almakashinta kusa da kunne, ta buɗe shi ta rufe, ta saurara. In ƙarar ta yi mata daidai, ta yi bismillah ta soma. In ba ta yi ba, ko da motar kaya na jira a waje, sai ta tsaya ta ɗiga masa mai. Daga nan ne 'yan ɗinki suka laƙaba mata Anti Almakashi, har sababbin shiga ba su san tana da wani suna ba.

Ita ce mai yanka a wani kamfani da ke ɗinka rigunan 'yan makaranta da na masu gadi da na ma'aikatan asibiti. Teburinta yana can ƙuryar ɗakin, gindin taga. Da goyo ta fara aiki a wurin, yarinyar da ta goya kuwa yanzu ita ma da nata goyon.

Ba mace ce mai faɗin magana ɓaro-ɓaro ba. In ɗinki ya karkace, ba ta cewa ya karkace. Sai ta juya rigar a hannu ta ce da alama an yi iska a wajen keken nan. Wanda ya gane ya warware, wanda bai gane ba na kusa da shi ya taɓa shi.

Da shekaru suka ja, tsayuwa ta fara cin ƙafafunta. Ana haka sai shugabar wata cibiyar koyar da mata sana'a, nan bayan layinsu, ta aiko cewa suna neman mai koyar da yanka idan an buɗe sabon zango. Albashin bai kai nata ba, amma ba shiga mota, kuma an ce mata a ajin akwai kujera. Ta amsa.

Ran nan Maigida, tsohon da ya kafa kamfanin, ya sauko zagayen da ya saba. Ta gaishe shi, ta ce ƙafafunta sun fara tambayarta labarin kujera, kuma kowane baƙo komai daɗewarsa akwai ranar da yake neman takalminsa. Maigida ya gyaɗa kai ya ce Allah ya ƙara lafiya. Washegari ya aiko mata da kwalbar man zafi. Ta karɓa da hannu biyu, har idonta ya kawo ruwa. A wurinta an yi sallama ke nan, ga ma kyautar ban kwana.

Sai da ya rage wata guda a buɗe cibiyar ta hau sama don ta ji wa za ta bar wa makullin sito. Ɗan Maigida ne yanzu ke riƙe da ofis, yaro mai ladabi, wanda ta taɓa ɗinka wa wandon makaranta. Ya ba ta kujera, ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya shafa ƙeya.

"Mama, ai Baba bai ce mini komai ba."

Ya yi mata bayani a hankali. Mai barin aiki sai ya rubuta, kuma daga ranar da ya rubuta sai ya yi wata uku. In ta rubuta yau ta yi wata guda ta tafi, saura biyu: ko ta tsaya ta yi su, ko ta biya albashinsu ta fanshi kanta. Ya ce ba shi da ikon ɗage mata, don ko watan jiya an yi wa wani direba haka.

Ta biya ta cibiyar a hanyar gida. Shugabar ta ce ɗalibai ba za su zauna wata biyu suna kallon allo ba, kuma akwai wata da ke jiran gurbin.

Mijinta, tsohon direban bas ne da ya ajiye sitiyari, yana zaune a baranda yana murɗa rediyo. Da ya ji labarin, ya yi dariya har da tari. Ya ce shi da ya zauna da ita shekara da shekaru, har yau in ta ce gari ya yi sanyi sai ya tsaya ya lissafa ko bargo take nufi ko an manta ƙofa a buɗe, balle Maigida. Ya ce ta koma ta faɗa wa tsohon kai tsaye, ai ba zai karɓi kuɗinta ba. Ta ce bakin da bai taɓa roƙo a gidan nan ba, ba zai koya a ranar fita ba, kuma ba za ta haɗa uba da ɗa a kanta ba.

Tana maganar idonta na kan abin da rediyon ke zaune a kai. Tsohon kekenta ne na ƙafa, wanda ta saya tun tana amarya, an lulluɓe shi da zane ya zama tebur.

"Malama, kallon nan da kike yi, rediyona ne zai koma gidan haya?"

"Ai kuna da cinya, Malam."

Ta aika aka kira wani telan bakin titi, ya zo ya taka keken, ya ji yadda yake tafiya sumul, bai ja ciniki ba. Ta haɗa da ɗan abin da ta ajiye, ta kai ofis, ɗan Maigida ya karɓa yana sunkuyar da kai. Da ta sauko matakala sai ta ji jikinta sakayau, kamar wadda ta sauke tulu.

A makon ƙarshe aka kawo aikin rigunan asibiti masu yawa. A wajen masu yanka, wanda ya yanka jikin riga shi ke yanka hannunta, don kowa da yadda yake lanƙwasa hammata, kuma in mutum biyu suka yanka riga ɗaya, mai ɗinki ce ke shan wahala. Mataimakiyarta, wata da ake kira Doguwa, uwar 'ya'ya huɗu, ta daɗe tana shimfiɗa mata yadi, tana yanka aljihu da kwala, amma ko sau ɗaya ba a taɓa sakar mata hannun riga ba. Anti ta duƙufa don ta gama komai da kanta. Ta gama jikkunan. Ranar ƙarshe da la'asar ta soma zana hannayen da alli.

Sai ga Maigida ya sauko da sandarsa, ransa a ɓace. Yanzu ɗansa ya faɗa masa.

"Haba, 'yar nan. Za ki tafi, ki kasa gaya mini?"

"Ranka ya daɗe, na gaya maka. Ranar da na ce ƙafafu."

Tsohon ya tuna, ya ce, "Man zafin nan?" Ta ce shi. Ya zauna a kan dilar yadi yana dariya, 'yan ɗinki suka tsayar da kekuna suna taya shi. Ya ce a mayar mata da kuɗinta. Ta ce abin da aka biya an biya, kada gobe direban nan da aka sa ya biya ya ji. Amma in ana so a yi mata alheri, ƙyallayen da ake sharewa kullum a zubar, ɗalibanta za su samu abin koyon yanka. Ya ce duk ƙarshen mako mota za ta kai mata, kuma wannan karon ya ji da kunnensa, kowa shaida ne.

Hira ta ja, aka shiga tuna waɗanda suka wuce ta ɗakin, har aka kaɗa ƙararrawar tashi. Anti ta dubi teburin. Rabin hannayen an zana, rabi ko alli bai taɓa su ba, ba a yanka ko ɗaya ba. Ta ɗauki jakarta.

Doguwa ta bi ta har bakin ƙofa. "Anti, hannayen fa?"

"Na ga kin daɗe kina kallo," in ji Anti.

Doguwa ta koma ta tsaya a gefen teburin da ba ta taɓa tsayawa ba, ta ɗauki allin, tana duban inda layin Anti ya tsaya.