Funfunar da Na Ƙi Zubarwa

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, aikin binciken da aka ba ni shi ne renon baƙar funfuna. Na kankaro ta daga jikin tsohon kwalekwalen mahaifina a Argungu, na shuka a faranta na gilashi masu murfi, bisa abincin da muke dafa mata da dankali da sukari. Fara take fitowa, sannu a hankali ta rine ta yi baƙi ƙirin. Wannan baƙin ake kira melanin, dangin wanda ke fatar mutum, kuma shi nake son tatsa.

Ana cikin haka malamai suka tafi yajin aiki, aka garƙame ɗakin gwaji. Na naɗe bakin kowane faranti da salatif, na jera su a kwali, na kai gidan gwaggona a unguwar Gesse, inda nake zaune.

Ranar da ta ɗaga kwalin tana shara, daga tsakar gida na jiyo salatinta.

"Mi kinka kawo muna cikin gida?"

"Karatuna ne, Gwaggo."

"Karatu? Ruɓa dai. Wa ya san ko asiri anka ba ki? Ki kai shi bola yanzu."

Na yi mata bayani iya iyawata. Ta ce ita ba a yi mata turanci a gidanta, ko kwalin ya fita ko mu fita tare. Ban taɓa musa mata ba tun tasowata. Ranar kuwa na durƙusa na ce, "Ki yi haƙuri, Gwaggo, ba zan zubar ba."

Na yafa mayafi, na rungumi kwalin, na hau kabu-kabu zuwa tasha. A mota ma bisa cinyata ya zauna har Argungu.

Baba na bakin gulbi yana ɗinkin komar kamun kifi. Ya ɗaga faranti ɗaya ya duba a hasken rana.

"Daga jirgina wanga ya hito?"

"E, Baba."

"To ai ɗan gida ne."

Ya share mini lungu a ɗakin da yake ajiye taru. Amma ya ce gaskiyar gwaggo ɗaya, ba a kwana ɗaki guda da funfuna, kuma lallai in je in ba ta haƙuri. Na je, na gaishe ta, na ba ta haƙurin tafiyar da na yi cikin fushi. Na ƙin zubarwa kam ban bayar ba.

Zafi ya kashe mini fiye da rabin farantan. Da aka koma makaranta, daga waɗanda suka rayu na tatso ɗan gari baƙi wanda ko cokalin shayi bai cika ba, da shi na kare bincikena. Gwaggo ta zo walimar kammalawa da tukunyar dambu. Har yau ni da ita ba mu sake tayar da maganar ba.