Dutsen Kabarin Jaotombo

Duk kasuwar Analalava an san Soazara da kifin banda da kaifin baki. Tana goye aka kama ubanta Jaotombo, aka ce ya saci shanu, aka tura shi Nosy Maina, tsibirin da ake jibge fursunoni. Can ya mutu. A al'adar garin kuwa, dangi kabari ɗaya suke shiga, kuma kowa ya san wanda bai shiga kabarin danginsa ba yana nan a waje cikin sanyi, ko zane babu. Da wannan ta girma, da shi ta tsufa. Zanen naɗe mamaci ta saya tun tana da haƙoranta duka, ta ajiye a ƙasan akwati.

Wani tsohon fursuna da aka sako ya taɓa gaya mata: "Ƙarƙashin tsamiya yake, bayan madafa. Ni na kafa masa dutse, na zana tsagar kunnen shanunku a jiki da ƙusa."

Bana dangi suka sa ranar buɗe kabarin gida. In aka rufe sai bayan shekaru, ita kuma ba ta sa ran ganin wata buɗewar. Gidan yarin ya daɗe da zama kango, wani kamfani ne ke kai Turawa kallo. Ta ɗauki zanen da shebur da kwalbar giyar rake ta nufi bakin ruwa.

Bezandry mai jirgi ya gan ta ya yi dariya. "Inna, ke ma yawon buɗe ido za ki?"

"Idon gidanku. Matsa mini, ɗan nema."

Da suka sauka, Fetra, saurayin da ke yi wa baƙi jagora, ya ja su cikin kangon. Saiwar itatuwa ta tsattsaga bango, jemagu sun cika rufin. Ya shigar da wani Bature ɗakin duhu ya ja ƙofa, ya saƙala wa wata Baturiya sarƙa mai tsatsa a ƙafa, ana ta ɗaukar hoto. Ɗaya ma ya kwanta ya zaro harshe wai ya mutu, sauran suka kwashe da dariya. Soazara ta tofar da yawu ta zagaya baya.

Ga tsamiyar nan. Amma ƙarƙashinta an baje ƙasa, an zuba farin rairayi, an kafa rumfa da tebura. Ko dutse ɗaya babu a tsaye. Ta zagaya, ta sake zagayawa. A gefe an haɗa murhu, tukunyar shinkafar baƙi na tafasa. Ta durƙusa kusa da wutar, sai idonta ya faɗa kan ɗaya daga cikin duwatsun murhun. Hayaƙi ya baƙanta shi, amma ga kunnen saniya a zane, tsaga biyu a sama, yanka a gefe. Irin tsagar da ke kunnen kowace saniya ta gidansu.

"Kai, Fetra! Zo nan. Daga ina aka ɗauko wannan?"

Ya zo yana share gumi. "Inna, duwatsu ne a warwatse, baƙi na ta tuntuɓe."

"Na ce daga ina?"

Ya nuna wajen tebura, ya kuma nuna bayan rumfa. "Nan, ko can. Ba ni na kwashe ba, leburorin kamfani ne."

Nan ta gane ko za ta tone wurin nan kaf, ba za ta san ƙashin wa ta ɗauka ba. Ba a kuwa shigar da baƙo kabarin dangi.

Ta jefar da shebur, ta zare itatuwan wutar, ta ture tukunyar. Shinkafa ta malale a rairayi.

"Inna, haba! Abincin mutane! Kuma doka ta hana a fitar da ko tsinke daga nan, kayan tarihi ne."

"Tarihin ne kuke dafa shinkafa a kansa? Da kan ubanka ne, sai ka ɗora tukunya?"

Turawa suka ɗaga na'urorin hoto. Bezandry, da ya biyo hayaniyar, ya buɗe faffaɗan bayansa ya tare su. Bai ƙara yin dariya ba.

Abu ɗaya ya rage wa wanda ya rasa ƙashin mamacinsa: ya kira kurwar mamacin ta shiga dutse. Ta zuba giyar a kai, dutsen ya yi cuu, tururi ya tashi. "Baba, ni ce Soazara, wadda ka bari a goye. Tashi mu je gida." Ba ta jira ya huce ba, ta naɗe shi a zanen, tafin hannunta na salewa. Fetra ya miƙo hannu, ya ga fuskarta, ya mayar da shi aljihu.

A jirgi Bezandry ya tashi Baturen da ke kujerar gaba. "Tsoho ne zai zauna nan," in ji shi. Mamaci ba ya ƙetare ruwa sai ana kiransa, don haka tun daga tsibirin har gaɓa muryarta ba ta tsaya ba. "Baba, mun bar tsamiya. Baba, ga igiyar ruwa, riƙe ni." Muryar ta dishe, ta ci gaba da raɗa.

Ranar buɗe kabari aka kwantar da ƙunshin kusa da uwarta. Dattawa suka ga ƙunar da ke gefen zanen, ba wanda ya tambaya. Ta koma kan kifinta da hannu a ɗaure, wai ita yanzu ubanta ya daina jin sanyi.

Ƙasusuwansa dai suna can, ƙarƙashin wani tebur. Bezandry ya ce washegari aka ɗauko wani dutsen daga wani tsibin duwatsu a bayan rumfa aka cike murhun, shi ma da zane a jikinsa.