Wayar da Malam Idi bai haɗa ba

A ƙarshen shekarun 1990 aka ɗauke ni aikin gwaji na wata uku a wani furoje, wato shirin taimakon manoma, a Madarumfa, kusa da tabki. Wallahi abin da zan gaya muku ni ya faru da ni, ba ji na yi ba.

Biro biyu ne, ofisoshi ke nan, tsakaninsu fili, kowanne da swic ɗinsa, wato akwatin da wayoyin odinatoci, kwamfutocinmu, ke haɗuwa a ciki. Na raba odinatocin da wani tsari da ake kira VLAN, masu lissafi gefe guda, masu rajistar irin gero gefe guda, kamar a ja katanga a tsakar gida. Ina ta jin kaina, sai rezo, wato hanyar da odinatocin ke aika wa juna saƙo, ya tsaya cak, fitilun akwatin suna ta ƙiftawa babu numfashi. Darakta ya ce in la'asar ta yi ban gyara ba, zai kira wani daga Yamai, ni kuma in kama hanyar Maraɗi. Ga shi kuwa mata da jariri na baro a gida.

Na zauna na nutsu, sai na tuna wannan alama ce ta saƙon da ya samu hanya biyu, yana zagayawa yana dawowa har ya cushe komai. Maganinta spanning tree, tsarin da ke gano hanyar da ta yi yawa ya rufe ta, ya ajiye ta don ranar buƙata. Ni da rawar kaina ashe na kashe shi. Na kunna, na jira kamar minti ɗaya, sai ya toshe ƙofa ta tara cikin ramukan da ake cusa waya a jikin swic, komai ya dawo garau tun kafin azahar. Darakta har da dafa min kafaɗa, ya ce aiki nawa ne. Ranar ko ƙasa ban san ina takawa ba.

Da na bi wayar ƙofa ta tara, sai na ga ta nutse cikin ƙasa, na nemo Malam Idi magini, wanda ya binne wayoyin.

"Ɗana, wagga ai ba ta zuwa ko'ina," in ji shi. "Na gino daga nan, na gino daga can, sai na iske makwancin wani bawan Allah a tsakiya. Mu nan ba mu taɓa wurin. Na yanke ta, na zagaya da wata ta bayan katanga. Kunya ta hana ni hwaɗi."

Muka tona bakin wurin, sai ga guntayen biyu a yanke, tsakaninsu taku huɗu na ƙasar da ba a taɓa ba. Muka mayar da ƙasa, muka yi addu'a, ban cire wayar ba, ban kuma gaya wa kowa ba.

Da damina amalanke ya tsinke wayar da ta zagaya ta bayan katangar, a makon da ake raba iri. Ba wanda ya lura, don aiki bai tsaya ba. Sai da na duba na ga spanning tree ya buɗe ƙofa ta tara, kwana uku rajistar ƙauyuka tana bi ta wayar nan da ke a yanke.

Ku masu wannan sana'a, kada ku kashe spanning tree, kuma kafin ku sa a yi gini, ku tambayi dattawan gari wa ke kwance a wurin.