Ranar da asansir ya zama jirgin ƙarƙashin teku

Shekarun baya, ban daɗe da shiga sakandare ba, muna zaune a ƙasar Larabawa, a wani bene a unguwar Al-Badi'a da kamfanin su mahaifina ya kama wa ma'aikatansa. A samanmu akwai wani tsohon Bajamushe, abokin aikin mahaifina a Birnin Masana'antu na Biyu. Ammu muke ce masa, wato baffa da Larabci. Dogo ne har sai ya sunkuya zai shiga ƙofa, Larabcinsa kuwa in ka ji sai ka rantse tsakuwa yake taunawa.

Ni kuma a lokacin rediyo ne da ba a iya kashewa. Mahaifiyata ta sha cewa ko barci nake yi bakina yana kan aiki.

Wata rana da azahar na tarbo ƙanwata daga motar makarantarsu. Tana da ciwon asma tun tana ƙarama, ranar kuma ta bar abin fesawarta a gida. Muka shiga asansir, akwatin nan mai hawa da mutane bene, sai ga Ammu ya shigo yana ɗingishi. Mun fara hawa ke nan wuta ta ɗauke. Duhu ɗulum, fanka ta tsaya, zafi ya rufe mu.

Na kwarma ihun da na tabbata an ji shi har can unguwar Gubaira. Na kira mahaifiyata, na kira 'yan kwana-kwana, na fara yafe wa duk wanda ya taɓa cin alawata. Ina cikin haka na ji ƙirjin ƙanwata yana fito kamar usur.

"Yaya," ta ce, "numfashina."

Nan wasa ya ƙare. Na ƙara ƙarfin ihu, ita kuma ta ƙara rikicewa.

"Walad, uskut," in ji Ammu. "Yaro, yi shiru. Kowace kalma iska take ci, iskar nan kuwa ta ƙanwarka ce."

Na kama bakina da hannu biyu. Na ji ya zauna a ƙasa, ya sauke mata jaka, ya zaunar da ita a miƙe ta jingina da gwiwarsa.

"Binti, 'yata, yanzu mun shiga jirgin ƙarƙashin teku. Na taɓa aiki a cikinsa lokacin babban yaƙin duniya, ina saurayi. Namu mai dasa nakiyoyi ne a hanyar jiragen ruwa. In aka gano mu, sai mu nutse can ƙasa, a kashe komai. Ba tafiya, ba magana. Aiki ɗaya ne, numfashi. Ja ta hanci. Riƙe. Saki a hankali, kamar kina hura shayi."

Ta ja, ta yi tari, ta sake ja.

"Kifi yana leƙo ku?" ta tambaya da ƙyar.

"Babu taga. Kuma kifi ba ya iya matsowa, saboda warin safarmu."

Ta yi 'yar dariya. Ni ma na buɗe baki zan sa nawa, ya rigaye ni.

"Kai kuma ga aikinka. In jirgi ya maƙale ba a ihu, ƙarfe ake bugawa. Cire takalminka, ka buga ƙofa, ka saurara, ka sake bugawa."

Haka na yi ta yi. Ni a ganina mun shekara a ciki, har na fara tunanin gemu ya fito mini. A bayana ina jin muryarsa ƙasa-ƙasa: ja, riƙe, saki. Fiton ƙirjinta bai daina ba, amma bai ƙaru ba.

Can sai muka ji muryar haris, mai gadin gininmu, mutumin Damagaram.

"Wane ne a nan?"

"Mu ne, Baba! Ka ce wa Umma ta kawo abin fesawa!"

"Ɗan injiniya? Kai ne ciki kuma ban ji surutu ba? Lallai abin ya yi tsanani!"

Da ƙarfe ya ɓamɓare ƙofar, aka zaro mu ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyata tana tsaye ko takalmi babu. Ta fesa wa ƙanwata, muka zuba mata ido har fiton ya kwanta.

Sai a lokacin na kalli Ammu. Ya zauna a kan matakala, rigarsa sharkaf da gumi, ya kasa ko shan ruwan da haris ya miƙa masa. Ashe duk cikinmu babu wanda ya kai shi tsoro.

Da yamma mahaifiyata ta aike ni da kwanon tuwo da miyar kuka. Da yake bakina ya dawo aiki, na ce, "Ammu, jirgi nawa kuka nutsar?"

Ya ajiye kwanon gefe.

"Mu dasawa muke yi mu tafi. Ba mu taɓa ganin wanda ya taka ba. Ko soja ne, ko masunci, ban sani ba. Har yau ban sani ba."

Ban sake tambaya ba.

Daga baya mahaifina ya gaya mini asansir yana da kafofin iska, ko wuni muka yi ba za ta ƙare ba. Ammu injiniya ne, ya san haka sarai. Ihuna ne ke firgita yarinyar, shi ya sa ya nemi dabarar rufe mini baki. Malamaina sun yi ta nema ba su samu ba.

Ya koma ƙasarsu tuni. Yanzu in talabijin ta nuna nakiyoyi suna yawo a teku, shi nake tunawa. Ban san abin da ke tsakaninsa da mutanen da bai gani ba, wannan Allah ne masani. Ni dai abin da na gani shi ne mutum ya koma wurin da ya fi tsoro a duniya, ya zauna a ciki, don 'yar wani ta samu numfashi. Ƙanwata tana nan lafiya lau, kuma duk sallar da ta yi sai ta roƙa masa alheri.