Tauraron Yaya Bello Da Mutumin Da Ya Kwashi Kwalin

Shekara arba'in ke nan da rasuwar yayana Bello, kuma har yau zuciyata ba ta kwanta da wani mutum ba.

Ni tela ne a kasuwar Bodinga, ban yi boko mai zurfi ba. Shi kuwa Yaya gwamnatin farar hula ta tura shi waje karatun taurari. Akwai wani ɗan tauraro da ya ɗaure masa kai, ido ba ya ganinsa. Wai irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti yake fitarwa, yana bugawa kamar jijiyar wuya. Yaya yana zaton mataccen tauraro ne ke juyi yana zuƙar maƙwabcinsa, amma ya ƙi faɗa a fili. Sai an duba da madubin hangen nesa, an saurara da na'urar rediyo, bakinsu ya zo ɗaya.

Da ya zo hutu na ce, "Yaya, ba ka gani ba? Faɗi mana!"

Ya ce, "Wa yag gani ban da ni? Ko watan azumi ba a tsai da shi da mutum guda, yaron ga."

Da aka tsuke bakin aljihu, tallafin karatunsa ya yanke. Ya dawo yana koyarwa a garin Shagari, ciwon hanta ya ɗauke shi. Bayan sadakar bakwai wani abokin karatunsa ya zo ta'aziyya, ya yi kuka har da majina, ya tafi da kwalin hotunan tauraron da Yaya ya tara wai zai ƙarasa aikin. Ko gaisuwar salla ba mu sake samu ba.

Bana jikana ya binciko min a waya. An tabbatar da wani tauraro mai irin wannan bugun, daidai yadda Yaya ya zata. Na sa ya karanta sunayen masu aikin tun daga farko. Babu Bello. Wallahi ranar ko zare ban iya sa wa allura ba, don baƙin ciki.

Jikan ya ce irin taurarin nan da yawa suke, wataƙila wani ne daban. Wataƙila. Ni dai na san sunan mai kwalin, na kuma zauna da niyyar rubuta shi a jaridar nan kowa ya gani, in ce shi ya sace aikin Yaya. Na ɗaga alƙalami, sai na ji muryar Yaya tana tambayata wa ya gani ban da ni.

Babu kowa, Yaya. Na ajiye alƙalamin. Allah Ya jiƙanka.